Daga Zango zuwa Zango

  A fitowar da ta gabata na yi alkawarin ci gaba da maganar yara da hutun makaranta. Ku yi mini afuwa, zan ɗage ta zuwa wani jiƙon, domin wani al'amari ya gudana a unguwarmu wanda ya tsaya mini a rai. Na nemi izinin mai al'amarin, ya kuwa ba ni, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa ko na abokinsa.

Dattijo ne maƙwabcinmu a unguwar Zango ta Damagaram. Mu dai Baba muke ce masa, shi kuma har yau ɗan Liman yake kira na, ko da yake ina da mata da ƴaƴa uku. Tun kafin a haife ni wurinsa ɗaya ne a masallaci, sahun farko, bayan mahaifina ta hannun dama. Tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki a kasuwar Dole har idanunsa suka gaza. In an tambaye shi shekarunsa sai ya ce an haife shi ana yaƙin Hitila, sauran lissafin kuma ya bar wa ƴan lakwal.

Baba yana da aboki a Kumasi ta ƙasar Gana. Tare suka yi makarantar allo, tare kuma suka bar gida jim kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960, suka bi fataken shanu zuwa kurmi kamar yadda samari da yawa suke yi a wancan zamani. A Kumasi suka sauka a Zango, suka fara da dako a kasuwa. Daga baya abokin ya shiga hidimar wani mai cinikin goro, Baba kuwa ya zauna gaban wani tela ya koyi sana'a. Ya yi ta tari har Allah ya hore masa keken ɗinki nasa na kansa, Singer mai takawa da ƙafa. Yakan ce ranar da aka ɗauko keken daga kanti bai yi barci ba, sai ya tashi ya shafa shi cikin duhu ya koma ya kwanta.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Tsofaffinmu da yawa suna da labarin wannan kora, kuma kowanne da irin nasa. Abokin ya riga ya auri ƴar gidan da suka daɗe a Zango, surukansa suka tsaya masa ya sami takarda. Baba bai samu ba. Motar da ya samu cike take da mutane, mata da yara a kan kaya, ba wurin da za a ɗora keke. Sai ya kai shi ɗakin abokinsa ya ce: “Ajiye mini, in ƙura ta lafa ina dawowa.” Daga wannan rana zuwa yau ba su sake haɗa ido ba. Kowannensu ya sauke farali, amma a shekaru daban. Abin da ya riƙe su shekara hamsin da biyar takarda ce.

Ni na shigo cikin zancen ina ɗan shekara goma sha biyu, shekarar da na shiga kwaleji. Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. A da shi yake karanta takardunsa da kansa, domin da ajami abokin yake rubutawa, daga baya mahaifina ya riƙa karanta masa. Wata rana mahaifina ya kira ni ya ce tunda na iya ajami na kuma iya boko, wanda da shi ake rubuta adireshi a bayan ambulan, to daga yau aikin nawa ne. Aka sa mana yammacin Alhamis, tunda ba karatun allo.

Har yanzu ina ganin zauren nan a idona. Tabarma, buta, da akwatin ƙarfe da yake jawowa daga ƙarƙashin gado. Takardun suna ciki ɗauri ɗauri, kowane ɗauri an ɗaure shi da ƙyallen atamfa, ragowar ɗinki. Baba bai san shekara da lamba ba, da launin ƙyalle yake gane ta. Na farkon da tawada aka rubuta su a farar takarda, na baya da biro a takardar littafin ƴan makaranta. Wasu suna da tambur na gidan waya. Mafi yawa kuwa hannu da hannu suka zo, domin motocin albasar Galmi ba su daina zuwa Kumasi ba, ga fataken dabbobi, ga masu kanwa. Takarda takan yi wata guda a hanya, wani lokaci biyu, ta iso tana warin albasa ko ƙamshin goro.

Buɗewarsu ɗaya ce kullum: takarda ta fito daga hannun ɗan'uwanka mazaunin Kumasi, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, amma bayan haka. Abin da ke biyo bayan “amma bayan haka” shi ne ya riƙa ba ni haushi ina yaro. Ina tsammanin zan ji manyan labarai na wata ƙasa, sai in ji ruwa ya yi yawa, rufin ɗakin baya yana yoyo. Goro ya yi araha amma kuɗin ba su da auki. Gwiwar hagu ta fara gardama. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba. Wane da ka sani mai gyaran agogo ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata. Baba kuma ya gyara zama ya ce rubuta. Ruwan da ya dame ku ku aiko mana da shi, mu nan yau kwana goma sha takwas ba ɗigo, hatsi ya fara murɗewa. Famfon unguwa sai tsakar dare yake kawowa, ƴan garuwa sun ƙara kuɗi. Haƙorin da na gaya maka ya fita da kansa, na huta. Sun yi shekaru suna wannan musayar, mai damina biyu yana kukan ruwa, mai damina ɗaya yana kukan fari, ba wanda ya taɓa gajiya da jin na ɗan'uwansa.

Suna kuma tsokanar juna. Hausar abokin ta sha ruwan Kumasi, inda mace ma “ya zo” ake ce mata. A cikin tsofaffin takardun na ga inda ya ba da labarin haihuwa a gidansa, Baba ya ce amsar da ya mayar ita ce: “Ka rubuto mini cewa matarka ya haihu. Na tara malamai sun kasa fassarawa.” Shi kuma abokin ba ya rasa tambayar ko har yanzu mutanen Damagaram suna taunar ƙura tare da tuwo in hunturu ya shigo.

Sai da na girma na sake bin takardun nan ɗaya bayan ɗaya, na tarar duk abin da muka karanta a darasin tarihi yana ciki, sai dai ya shigo ta ƙofar kicin. A 1983 Gana ta sha fari da gobarar daji, ga kuma ɗimbin ƴan ƙasar da aka koro daga Najeriya sun dawo a shekarar. Abin da abokin ya rubuta kawai shi ne yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya, kuma kilishi da daddawar da Baba ya aika sun iso, an raba wa gida uku. Shekara ɗaya bayan haka yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari ta sauka a kanmu, iyakar Najeriya tana rufe. Takardar wannan shekara gajera ce, tana cewa ga garin rogo rabin buhu a hannun direba, kada ka ce komai. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Baba bai san sunan abin ba, abin da ya sani shi ne zare da allura sun ninka, masu kawo ɗinkin sallah sun ragu. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Wannan ni na karanta ta da bakina: abokin ya ce jiya ya kwana mai miliyan, yau ya tashi mai ɗari, kuma cikinsa bai ji bambanci ba.

Yanzu zan faɗi laifina, domin saboda shi ne rabin wannan rubutu.

Kowace takardar Baba tana ƙarewa da gaisuwa, kuma ba ya yarda a dunƙule ta. Sai ya ambaci mutum ɗaya ɗaya: uwargida, amarya, ƴaƴa bisa tsarin haihuwa, limamin masallacinsu, mai shayin bakin titi in yana raye, har ya kai mutum ashirin da wani abu. Wata Alhamis ana buga ƙwallo a filin bayan gidanmu, ina jin ihun abokaina, hannuna ya gaji. Baba yana ta jero sunaye, ni kuwa na rubuta “a gaida dukan mutanen gida” na ɗora biro a kan takarda ina motsa shi kamar mai rubutu. Na ninke, na liƙe, na ruga.

Bayan kamar mako bakwai amsa ta zo. Ranar mahaifina yana zaune a zauren. Ina cikin karatu sai idona ya riga bakina isa wani layi, na ji cikina ya ɗuri ruwa. Abokin ya ce: “Uwargida tana tambaya ko ta yi maka wani laifi, domin an karanta takarda har ƙarshe ba ta ji sunanta ba. Na ce mata mantuwa ce ta tsufa, ta ce kai ba ka mantuwa.” Wannan mata ita ce take ajiye wa Baba tuwo a kwano kowane dare shekarun da yake gwauro a Kumasi. Na yi tunanin tsallake layin. Ban san abin da ya hana ni ba, ko tsoron mahaifina ne ko kunyar Allah. Na karanta. Zauren ya yi tsit. Baba ya juyo da fuskarsa wajena, bai ce komai ba. Da muka koma gida mahaifina bai taɓa ni ba, abin da ya ce kawai shi ne: “Wanda aka ba rubutun takarda hannunsa aka ara. Ba a ari ra'ayinsa ba.”

A daren muka rubuta wata, da sunanta muka buɗe, Baba ya ba ta haƙuri ya ɗora laifin a kansa, bai ambace ni ba. Takardarmu tana hanya ta yi saɓani da tasu. Tasu ta ce uwargida ta rasu bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma ban taɓa rubuta wa wani saƙo ba face na tuna ta. Na sha neman gafarar Baba a kan wannan. Kullum amsarsa ita ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, sai ya kawo wani zance.

Akwai layi ɗaya da ba ya ɓacewa daga takardun abokin, can ƙasa bayan gaisuwa: “Kekenka yana nan, ana sa masa mai.” Baba kuma a ƙarshen tasa: “A bar shi nan, ina zuwa.” Da na fara wayo abin ya riƙa ba ni mamaki. Baba ya sayi wani keken tun da daɗewa, har ya tsufa a hannunsa ya ba wa ɗansa. Wata rana na ce: “Baba, me zai hana a ɗoro keken nan a motar albasa in za ta dawo? Ko kuwa ka bar masa shi, kowa ya huta?” Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ce: “Ɗan Liman, an ce ka rubuta, ba a ce ka yi shari'a ba.” Na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Na yi shekaru ina wannan zato.

Zamani ya yi ta sauyawa a kanmu. Aka yi yayin kaset, ya riƙa zama gaban rakoda yana magana kamar mai huɗuba, amma bai saki takarda ba. Salula ta shigo gari. Ranar da aka fara haɗa su a waya jikoki suka taru ana murna. Suka gaisa, suka sake gaisawa, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, kowa yana ɗaga murya kamar daga nan zai jiyar da Kumasi, kafin su kai ga wata magana kuɗin kati suka ƙare. Baba ya miƙa wayar ya ce: “Na ji muryarsa, ta tsufa. Ɗauko biro.” Daga baya ya yi mini bayani. Ya ce ita takarda tana ba mutum mako guda yana juya magana a ransa, a kan hanyar masallaci, a kan shimfiɗa, kafin ya faɗe ta. In ta zo kuma ana iya karanta ta sau goma. Waya kuwa kamar gaisuwar mutum biyu ce a kan jakuna, ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma.

Yau da saƙon murya na WhatsApp suke zumunci, kuma ya karɓe shi fiye da kira, domin ya fi kama da takarda: a faɗa, a aika, a jira. Da farko jikokinsa ne suke riƙe masa wayar. Bayan ɗan lokaci ya aiko a kira ni. Ya ce yaran suna da kirki, amma da ya fara sai su ce Baba a taƙaita, kuma akwai maganar da mutum ba ya yi a gaban jikarsa. Ban ga laifin yaran fiye da nawa ba, ni da na san abin da na aikata. Sai dai abin yana ba ni takaici a gidaje da yawa da nake shiga. Saurayi zai kwana yana kallon bidiyon mutanen da ba su san da shi ba, amma minti biyar na kakarsa su ne masu cinye masa kuɗin waya. Mukan ce muna kula da tsofaffinmu, muna nufin tuwo da magani da sabuwar riga ranar sallah. Waɗannan wajibi ne. Amma tsohon da sa'o'insa suka ƙare a unguwa, in yana da mutum ɗaya a wani gari da za su ce wa juna “ka tuna”, to hanyar da ke tsakaninsu tana cikin haƙƙoƙinsa a kanmu, tunda makullinta yanzu a aljihunmu yake.

Don haka muka koma Alhamis ɗinmu. Yana da dabara: cikin mako duk abin da ya so faɗa sai ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a aljihun rigarsa. In na zo ya zube su a tabarma, ya riƙa ɗauka ɗaya ɗaya. Wannan na ladan ne da ya yi mura. Wannan na kujerar da aka kawo masa masallaci, domin gwiwa ta hana shi sujada, kuma ya yi mako biyu yana jin kunyar zama a kanta. Wannan na mafarkin da ya yi da mahaifiyarsa. Wannan ya manta na mene ne, amma a gaya wa Alhaji akwai wata magana, in ta dawo za a aiko.

A irin wannan zama nake jin abin da ba ya faɗa wa kowa. Ya gaya wa abokinsa cewa barci ya ƙaurace masa, tun kafin kiran farko yake farkawa ya zauna yana ƙidaya mutanen sahun farko na da, ya tarar saura su biyu da Liman. Ya ce tsufa bai zo masa da tsoron mutuwa ba kamar yadda ya zata. Abin da ya zo da shi shi ne zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, yana tafiya a titi yana gaida gidaje da sunan mutanen da ba su ciki. Wata rana da na kashe wayar ya ce mini: “Duk garin nan Baba ake ce mini, ko Alhaji. Mutum ɗaya ya rage a duniya da yake kira na da sunan da ake tsokana ta da shi a makarantar allo. Ranar da ya tafi, babu sauran wanda ya san ni da baƙin gashi.”

Ya so zuwa, ba a baki kawai ba. A farkon 2020 ƴaƴansa suka haɗa kuɗin mota, aka shirya ni zan raka shi, mu bi ta Yamai da Wagadugu mu gangara ta Tamale. Sai annobar korona ta zo, Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Maris, ba ta buɗe su ba sai Maris na 2022. Kafin nan hanyar Burkina ta zama abin da kowa ya sani, ƙarfin Baba kuma ya ragu. Ba wanda ya sake ta da maganar. Amma a ƙarshen kowane saƙo bai fasa cewa yana zuwa ba.

Bayan sallar layya ta 2024 wani saƙo ya zo wanda bai yi kama da sauran ba. Muryar abokin ta yi ƙasa, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce ya kwanta asibiti kwana tara, an sallame shi, amma shi ya san jikinsa. Ya ce ya biya basussukansa, ya yi wasiyya, abu ɗaya ya rage masa. “Ɗan'uwa, ajiyarka. Ba na so in sadu da Ubangijina da kayan wani a ɗakina, yara kuma ba su san darajarsa ba. Ka faɗa mini yadda zan yi da shi.” Wannan karon bai ce ana sa masa mai ba.

Baba ya sa na maimaita masa sau uku. Sannan ya tattara ƙwallayen dabinonsa ya mayar aljihu, ya ce yau ba amsa. Alhamis ta biyu ma haka. Abinci ya ragu, ƴarsa ta zo tana tambayata ko wani abu ya faru. A lokacin ne na gane abin da na kasa ganewa ina yaro. Muddin keken yana can a matsayin ajiya, to Baba bai bar Kumasi ba, ya dai fita ne zai dawo, abokinsa kuma yana da dalilin jiransa. Shekara hamsin da biyar ɗaya yana riƙe da amana, ɗaya yana riƙe da alkawari, kowannensu ya san ɗan'uwansa ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Yanzu ga shi an ce ya yanke.

Ya je wurin mahaifina bayan sallar isha'i, ina nan. Tambayarsa ita ce ko jinkirin da ya yi ya ɗora wa abokinsa nauyi. Mahaifina ya ce masa hukuncin ajiya a bayyane yake, mun karanta shi a Risala: wanda aka ba ajiya amintacce ne, ko da ta salwanta ba da sakacinsa ba babu ramuwa a kansa, balle wanda ya tsare ta fiye da rabin ƙarni. Amma yana da gaskiya da ya nemi a sauke masa, domin in ya rasu ajiya takan cakuɗe da gado, magada su ci abin da ba nasu ba cikin rashin sani. Mai kaya yana da zaɓi, ko ya karɓa, ko ya wakilta wani ya karɓa, ko ya bayar kyauta, kyauta kuma tana cika ne in wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Daga nan mahaifina ya ajiye muryar malanta ya ce: “Alhaji, kada ka bar shi yana jira. Mu duka ba mu da Alhamis da yawa.”

Washegari Juma'a, bai jira ranarmu ba, ya aiko a kira ni da hantsi. Na tarar ya yi wanka ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ƙwallon dabino biyu ne kawai a tabarma. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa, ya jero mutanen gidan ɗaya ɗaya, har da uwargida da addu'a, kamar yadda yake yi tun rasuwarta. Ya ɗauki ƙwallo na farko. Ya ce ya tuna a wani saƙo an ce akwai jikar abokin da take koyon ɗinki a wurin wata mata. “Keken na ba ta, halak malak, duniya da lahira. A kira mutum biyu su shaida, a kai shi ɗakinta yau. Kai kuma ka sauke amana, Allah ya saka maka da Aljanna. Ban taɓa ba wani ajiya na kwana da rai kwance kamar taka ba.” Muryarsa ta karye, na ɗauka ya gama, na kai yatsa zan aika. Ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauki ƙwallo na biyu, ya yi gyaran murya.

“Amma almakashin da ke cikin aljihun keken, wannan ban bayar ba. Ka ajiye mini shi. Ina zuwa.”

Amsa ta zo bayan kwana biyu. Da farko hoto ne: yarinya ƴar kimanin shekara goma sha bakwai zaune gaban baƙin keke, rubutun zinaren jikinsa ya kusa gogewa. Na kwatanta wa Baba, ya tambaye ni ko fatar da ke juya ƙafar tana nan, na ce da alama an sa sabuwa. Sannan muryar abokin, ta ɗan fi ta wancan karo ƙarfi. Ya ce an kai keke, an yi shaidu, yarinya tana godiya, ta ce a aiko da awon wuyan Baba da tsawon hannunsa. Ya ce ruwa ya dame su, rufin ɗakin baya ya koma yoyo. Ya gaida mutanen gidan Baba da sunayensu, har da ni. Can a ƙarshe ya kira shi da sunan nan na makarantar allo ya ce: “Maganar almakashi kuma, mun zazzage aljihun keke, ba mu ga komai ba sai tsohuwar allura. Ina jin tun 1969 ka tafi da abinka. Amma na aiki yaro kasuwar Kejetia ya sayo wani. Yana nan ƙarƙashin matashina, ana sa masa mai.”

Alhamis da ta wuce na auna wuyan Baba da tsohon magwajinsa na ɗinki, shi yana gyara mini riƙon, yana cewa ban iya ba.